Ranar da Na Yi Ihun Ɓarawo a Jikwoyi

Babur ɗina na sayar na tafi Abuja. Ku da kuke ganina yanzu ina zuwa masallaci a ƙasa, to da ina da babur, ja, wanda duk Ɗambatta an san ƙararsa. Wani mai shayi a bakin tasha ya saya, ya kuma yi mini wayo, amma ko a jikina, don a raina na riga na zama mai dala. Rabin kuɗin na sayi laftof na hannu a Kano, mai batirin da ba ya kai tsawon huɗubar Juma'a, sauran na ɗinke a aljihun gajeren wando. Kai Mubarak, ajiye wayar nan. Ba kai ne kake damun babanka kana so ka tafi birni ka yi aikin intanet ba? To saurara, kawunka ya riga ka.

A shagon buga takardu na koyi gyaran hoto. Wani ɗan bautar ƙasa da ke zuwa shagon shi ya nuna mini wata kasuwa a intanet, inda Turawa ke ajiye aiki, kai kuma ka je ka ce za ka yi a kan kaza. In an zaɓe ka, ka yi, a biya ka da dala. Sai dai a lokacin, a garin nan sai ka hau katanga kafin saƙo ɗaya ya fita daga waya. Abuja kuwa an ce har a banɗaki akwai sabis. Farar hula sun zauna daram a mulki, mai yana tsada a duniya, duk wanda ya dawo daga can sai ya ce ko'ina gini ake, kuɗi na yawo kamar ba mai su.

Da na sauka sai na ce wa mai tasi ya kai ni Maitama, don ita kaɗai na san sunanta. Ya dube ni daga hula har silifas, ya ce, "Gadi za ka yi ko ban ruwan fulawa?" Na ce ɗaki zan kama. Mutumin nan sai da ya kifa kai a sitiyari don dariya. Shi ne ya yi mini kwatancen Jikwoyi, can bayan Nyanya, inda irinmu ke kwana su wayi gari su yi dambe a ƙofar bas.

Ɗakin da na samu wai sunansa selkon, wato ɗaki mai banɗaki a ciki. Da na ji sel, na ɗauka na 'yan sanda ake nufi, kuma da na shiga na ga ban yi kuskure sosai ba. Mai gidan wata Bagwariya ce, Mama Ladi, gajera mai faɗin kafaɗa, wadda ta sayar da gonarta ta jera ɗakuna. Hausarta irin ta Abuja ce, namiji da mace duk ɗaya. Wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa, dole na sayi ɗan ƙaramin janareto, kuma a kansa muka fara.

"Kai mai kwamfuta! Wannan injin naka ta hana ni hutawa!"

"Mama, aiki nake yi."

"Wane aiki? Namiji tana zaune a ɗaki kamar amarya, shi ne aiki? Ko kai fo-wan-nayin ne?"

"Ni ba ɗan damfara ba ne. Firilansa ne ni."

"Firi me? To nan gidan babu firi!"

Wata rana ina tsakiyar tura aiki sai na ji injin ya yi tari ya mutu. Na leƙo, sai ga ta tsaye da bokiti, ta sheƙa masa ruwan wanki. Ni kuma, Allah ya yafe mini, mutum ne mai zuciya tun ina yaro, ku tambayi iyayenku. Na sa ƙafa na yi ƙwallo da bokitin har ya fashe a bango. Ba ta yi wata-wata ba ta ciro itace daga murhu da wutarsa ta shimfiɗa mini a gadon baya. Sai da maƙwabta suka shiga tsakani. Kwana huɗu a kife nake kwana. Daga ranar ba ma gaisawa sai harara.

Ita kasuwar, bari in gaya muku yadda take, don a waya kuna ganinta fes kamar banki. Wani zai ajiye aiki, ya ce a gyara masa hotuna hamsin. Kafin ka gama karantawa mutum sittin sun taru a kai, daga ƙasashen da ko a taswira ba ka san inda suke ba. Ka ce dala goma, wani ya ce biyar, wani ya ce biyu, wani ma ya ce zai yi kyauta in dai za a ba shi taurari. Taurarin nan su ne shaidarka, mai aiki ne ke ba ka in ka gama, biyar ne ƙarshe. Wanda ba shi da su ko kallonsa ba a yi. Ga kuma abin da suke cewa dedilayin, wato lokacin da dole ka miƙa aiki. Na tambayi wani ma'anarsa ya ce layin mutuwa, na ce wanda ya raɗa sunan nan ya san abin da yake yi. Ba ka ganin fuskar wanda ke kayar da kai. Da a kasuwar garin nan ce, ka san rumfarsa, ka san ubansa, sai ka je ka ce, wane, ka ji tsoron Allah. A can kuwa suna ne kawai da ɗan hoto, ka zage shi ka gaji, bango ne ke jin ka.

Wata uku ina shan gari da ƙuli kafin Allah ya haɗa ni da wata Baturiya mai sayar da 'yan kunne da sarƙoƙi. Ita za ta ɗauki hotunan a kan teburinta, ni in share bayan ya zama fari tas, in goge ƙura da inuwar yatsunta, in sa dutsen ya yi ƙyalli. Kuma kada in ɓoye muku, akwai wanda ke yi mata kafin ni. Ni ma karya farashi na yi na ƙwace ta, ban taɓa tunanin ko shi wane ne ba, ko yana da iyali. Duk mako sai ta turo aiki. Na sayi fanka, na sayi katifa mai tudu, na aiko wa Hajiyarmu turmin atamfa. Uwar ɗakina nake ce mata.

Ana nan sai ga Lurwanu. E, Lurwanun da kuka sani, na Inna Talatu, gidan da ke jikin namu. Na girme shi da shekara huɗu, Yaya yake ce mini tun yana rarrafe. Ya gama difloma ya zo neman aikin gwamnati. Ranar da zai taho, Inna Talatu da kanta ta karɓi waya ta ce, "Sabi'u, ga ƙanenka nan, amana." Na ce, "Inna, kamar yana ɗakinki."

Ya yi ta yawon ma'aikatu da fayil a hammata har takalminsa ya buɗe baki. Kullum amsa ɗaya, kam bak tumoro. Har muka riƙa kiransa Malam Tumoro. Da na ga abin ba ci, sai na zaunar da shi na koya masa sana'ata, tun daga riƙon linzamin kwamfuta har yadda ake bin gefen hoto ba a yanke shi ba. Yaron yana da hannu, wallahi ya fi ni natsuwa. Ya riƙa sayar da katin waya a tashar Nyanya, cikin rana da hayaƙi, har ya sayi nasa ɗan laftof ɗin mai tsagaggen gilashi. Ya buɗe shafinsa a kasuwar, ya sa wa kansa sunan Turawa don kada a raina shi.

Amma ba taurari, ba aiki. Wata biyu yana neman ko da na dala ɗaya, shiru. A nan ne ni ma na yi nawa laifin, kuma shi ne abin da ban cika faɗa ba. Na fara yi masa gori. In ya sa hannu a kwano sai in ce, "Ci a hankali, ba daga ma'aikata aka aiko ba." In ya jona cajarsa in ce, "Man da ke cikin injin nan ba ruwan rijiya ba ne." Har a gaban mutane. Shi dai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Sai wata safiya uwar ɗakina ta rubuto, cikin ladabi irin nasu, wai wani ya zo mata da rabin farashina, kuma ta gwada shi aikinsa ba laifi. Zan iya ragewa? Na rage. Bayan mako biyu ta sake rubutowa, wancan ya ƙara saukowa. Na sake ragewa, har ya zama in na cire kuɗin mai da na data, abin da ya rage bai fi na burodi ba. A karo na uku ba ta ma tambaye ni ba. Aiki kawai ya daina zuwa.

Kai, na haukace a kwanakin nan. Na maka ɗan abin da ke jawo mini intanet da bango ya tarwatse. Na yi dambe da wani ɗan acaɓa a kan canji har muka faɗa kwata. A layin gidan mai wani ya tura jarkata da ƙafa, na fasa masa leɓe, shi ma ya kumbura mini ido. In na dawo ɗaki sai in zauna in yi ta tsine wa wanda ya ƙwace mini aiki. Na ɗauka wani ne can a bayan teku. Ina cewa, "Wallahi da zan kama shi, sai na kakkarya yatsun da yake aikin da su, ɗaya bayan ɗaya." Lurwanu yana zaune a kan tabarma, ya juya wa bango laftof ɗinsa. Na lura ya fara sayen burodi da ƙwai yana ajiye mini, na ɗauka katin waya ne ya yi albarka.

Wata Alhamis bayan azahar na tafi sayen mai. Yawanci sai in yi awa biyu, ranar kuwa ba layi, na dawo da wuri. An kawo wuta. Na tura ƙofa, yana zaune ya ba ni baya, ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa. A kan gilashin laftof ɗinsa ga hoton wani ɗan kunne mai shuɗin dutse kamar ɗigon ruwa, a kan teburin katako mai tabon kofi a gefe. Teburin nan na fi shekara ina share shi daga hotuna. Ko a mafarki na gan shi zan gane shi.

Na ajiye jarkar. Na fizge abin kunnen.

"Wannan aikin wane ne?"

Ya miƙe. "Yaya, tsaya in yi maka bayani."

"Kai ne? Duk watannin nan kai ne? Kana cin tuwona kana yanka ni?"

"Tuwon da kake ƙirga mini loma? Na gaji, Yaya! Taurari kawai nake nema, in na samu zan bar maka ita."

"A ina ka samu sunanta?"

"A kan kwamfutarka na gani." Sai ya ɗago ido, karo na farko tun zuwansa ya dube ni tsakiyar ido. "Kasuwa ce. Kai ma wani ka kayar ka same ta, da bakinka ka gaya mini."

Gaskiyar nan ita ta fi komai ƙona ni. Na ɗauke shi da mari har sai da kansa ya bugi ƙofa. Na shaƙe shi, muka zube kan fanka ta karye. Na rarumo akwatin daidaita wuta, mai nauyin nan, na ɗaga zan sauke masa a ka, ya goce ya samu kafaɗarsa. Shi kuma da ya ga abin na kisa ne sai ya kawo mini karo a baki. Kun ga giɓin nan? Ba alewa ce ta ci shi ba. Kafin in tofar da haƙorin ya suri laftof ɗinsa ya rungume, ya fita a guje ba takalmi.

Na bi shi. Jini na zuba a rigata, idona ya rufe. Ya fi ni gudu, na ga zai kai bakin titi inda 'yan acaɓa ke tsayawa. Sai bakina ya buɗe, na ƙwala da duk ƙarfina:

"Ɓarawo! Ku tare shi! Ɓarawo!"

Ni a raina ɓarawon aiki nake nufi. Amma ku tsaya ku duba abin da mutane suka gani: saurayi yana gudu ba takalmi da laftof a ƙirji, wani na bin sa jina-jina. A unguwar da kusan kowa an taɓa fasa masa ɗaki.

Wani ɗan acaɓa ya sa masa ƙafa ya faɗi. Kafin ya tashi sun rufe shi. Ban san daga ina mutane suka fito ba, masu faci, masu turin ruwa, leburorin gini da shebur, har da wata mai soya ƙosai da matsaminta. Kowa da harshensa yake ihu, amma duka iri ɗaya ne. Na ji yana cewa, "Nawa ne! Wallahi nawa ne!" Wani ya fizge laftof ɗin ya rotsa a ƙasa. Ya ɗaga hannun dama yana kare kansa, wani ƙato ya kama hannun ya danne a kan bakin kwalbati, wani kuma ya sauke masa ƙarfen cire taya. Sau biyu. Ƙarar nan har gobe in mahauci yana sara ƙashi sai na bar wurin.

Sai na ga taya tana tafe a saman kawunan mutane, ana miƙa ta hannu zuwa hannu. Aka zura masa a wuya. Wani yana cewa a kawo fetur, wani ya riga ya durƙusa yana zuƙo mai daga tankin babur da tiyo. A nan ne hankalina ya dawo jikina gaba ɗaya. Na kutsa ina ture mutane, na faɗa a kansa na rufe shi da jikina.

"Ƙanena ne! Ba ɓarawo ba ne! Ni na faɗa, ƙarya na yi! Ƙanena ne!"

Wani ya ce, "Bakinsu ɗaya! A haɗa su!" Sai duka ya dawo kaina. Gora, bulo, bel, ƙafa. Tabon nan na ƙeyata na shebur ne. Na ji haƙarƙarina ya yi ƙas. Na ji sanyin mai a bayana, warinsa ya cika mini hanci. Lurwanu a ƙarƙashina ya daina ihu, salati kawai yake yi a hankali, ni ma na kama.

Mama Ladi ce ta cece mu. Matar da muka fi shekara ba ma gaisawa. Ta fito da ɗaurin ƙirji, adda a hannu, tana wulwula ta kamar za ta shiga gona, mutane na darewa. Ta zo ta tsaya a kanmu, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

"Yarana ne! Duka biyu yana gidana! Wanda ta ƙyasta ashana a nan, ni da shi yau! Kai mai faci, ban san ka ba? Kai, ba ni na ba uwarka ɗaki ba?"

Ta riƙa kiran su ɗaya-ɗaya, wannan da sunansa, wancan da sunan matarsa. Mutum in aka kira sunansa a cikin taro sai ya tuna shi wane ne. Suka fara sulalewa. Ita ta cire tayar daga wuyan Lurwanu da hannunta, ita ta tsayar da mota, ta bi mu asibiti da ɗaurin ƙirjin nan. A mota ta dube ni ta ce, "Kai mahaukaci ne." Na ce, "E, Mama."

Yatsu biyu aka yanke masa, sauran ukun kuma suka ƙi lanƙwasuwa har yau. Na sayar da laftof ɗina da injin da katifar aka yi magani. Kafin in sayar na buɗe saƙonni sau ɗaya. Uwar ɗakina ta rubuto wa kowa nasa. Ni ta ce ta gode da zaman da muka yi. Shi kuma, na gani daga baya a wayarsa, ta ba shi tauraro ɗaya saboda ya saɓa lokaci, ta ce ta samu wani a wata ƙasa da zai yi a ƙasa da nasa. Ba ta san komai ba, kuma ba laifinta. 'Yan kunne take sayarwa.

Muka taho gida a mota ɗaya, kujera ɗaya, hannunsa a naɗe a ƙirji. Bai yi mini magana ba sai da muka wuce Zariya. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hatsarin babur ne. Haka za mu ce wa Inna." Na ce to.

Haka ya faɗa mata. Inna Talatu ta yi kuka ta share hawaye, sannan ta juyo gare ni. Ta ce, "Sabi'u, an ce kai ka yi jinyarsa, har kayan sana'arka ka sayar. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka." Da yamma ta aiko mini da dambun nama da zakara guda. Kwana uku abincin nan yana ɗakina na kasa taɓawa. A na huɗu na shiga gidan, na same ta tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga gorin har ihun.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni ko ta mare ni da na ji sauƙi. Ta ajiye faifan ta ce, "Da bakinka ka kira shi ɓarawo?" Na ce e. Ta ce, "Tashi ka je."

Shekara tara ta yi a duniya bayan nan. Kullum na gaishe ta tana amsawa, in na kai mata abu tana karɓa, amma ba ta sake kiran sunana ba. In za ta yi maganata sai ta ce "yaron gidan can". Ni da Lurwanu kuwa muna gaisawa, ya zo ɗaurin aurena, na je nasa, amma Yayan nan ya bar bakinsa. Malam Sabi'u yake ce mini, kamar wani baƙo.

Ranar da ta rasu, ku kuna ƙanana, na tsaya can baya a cikin jama'a, don ban ga ina da fuskar matsawa gaba ba. Aka idar da salla aka zo ɗaukar makara. Lurwanu ya tsaya a gaba ta ɓangaren da dole sai da hannun dama za a kama. Ya sa hannun, ya ƙi riƙewa. Ya sake gwadawa, ya zame. Mutane suka yunƙuro za su karɓa masa, ya girgiza kai. Ya juyo yana duba fuskoki har ya gano ni.

Ya ce, "Yaya, zo ka kama mini nan."